Wa Ke Riƙe da Makullin Firamare a Watan Agusta?

Idan zango na uku ya ƙare, Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano kan fitar da 'yar gajeriyar sanarwa: iyaye su je su kwaso 'ya'yansu daga makarantun kwana, 'yan jeka-ka-dawo su zauna a gida, za a koma ranar kaza ga Satumba. Shi ke nan. Maigadi ya ja ƙofa ya datse da kwaɗo, malamai su kama gabansu, yara su dawo hannun iyayensu har mako shida ko bakwai. Malamai sun cancanci wannan hutu, ba ni da ja. Ɗan mai hali ma yana morarsa. Amma a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku da Darmanawa, inda magidanci ke fita da sassafe neman abin da za a ɗora a wuta da yamma, waɗannan makonni na cikin mafiya nauyi a shekara, kuma babu hukuma ko ɗaya da ta ɗauka cewa nauyin yana wuyanta.

Ra'ayina a nan ba mai sarƙaƙiya ba ne. Bai kamata firamaren gwamnati da ke cikin unguwanninmu su wuni su kwana a kulle tsawon dogon hutu ba. A buɗe su da safe, kwana huɗu a mako, na wata guda. A ba yaro abin da zai sa a cikinsa, a zauna da shi ya karanta Hausa ya yi ɗan lissafi, sannan a sake shi ya yi wasa a cikin katanga. Ban ce a ci gaba da manhaja ba, ban kuma ce a ƙirƙiro zango na huɗu ba.

A fara da lokacin da hutun ke faɗowa. Tsarin karatu daga Satumba zuwa Yuli aro ne. A ƙasashen da aka aro shi, hutun na zuwa ne a watannin da gari ya fi daɗi. A ƙauyukanmu ma ya yi sa'ar dacewa da noma, yaro na da abin yi a gona. Gyaɗi-Gyaɗi kuwa ba gona. Abin da Agusta ke kawo mata shi ne marka: ruwa ba ƙaƙƙautawa, kwatoci su cika su tumbatsa, sauro ya samu wurin zama. Duk mai kemis a Tarauni ya san watan da maganin zazzaɓi ya fi tafiya. Ana bin gida-gida kowace damina ana ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aiki ne mai kyau, amma na yara ne 'yan wata 3 zuwa wata 59. Ɗan firamare ya wuce layin. A al'ada kuma wannan ne lokacin da tsohon hatsi ya yi ƙasa, sabo bai shigo ba, kwanon gero da na masara suna kan tsadarsu tun daga Dawanau har kasuwar Tarauni. Sai ga yara biyar ko shida a tsakar gida tun safe har dare. Kowace uwa ta san yaron da ke zaune a gida ya fi mai zuwa makaranta jin yunwa. A ranar karatu kuɗin tara kaɗan na kai shi azahar. A ranar hutu kafin hantsi ya leƙa tukunya sau uku.

Akwai kuma labarin da muka saba ji har ya daina girgiza mu. Kusan kowace damina Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano na sanar da yaran da jami'anta suka tsamo daga kududdufi, ko daga ramin da aka haƙi ƙasar gini aka bar shi ruwa ya cika. Bayanin kusan iri ɗaya ne kullum: sun tafi wanka da abokai. A yi salati, a yi jana'iza, a ja hankalin iyaye su riƙa kula da 'ya'yansu. Ba a cika tambayar inda aka so yaran su je da ba su je kududdufin ba.

Tambayar kuwa tana da nauyi a yankinmu. Ƙaramar Hukumar Tarauni murabba'in kilomita 28 ce kacal, kuma ƙidayar 2006 ta samu mutum 221,367 a cikinta. Tun daga lokacin ba a ƙara mata ƙasa ko taku ɗaya ba, mutane kuwa sai hauhawa. Filayen da 'yan shekara arba'in zuwa sama suka buga ƙwallo a cikinsu sun zama gidaje da shaguna da gidajen mai. Yau idan uwa ta gaji ta ce "ku fita waje, kun ishe ni," wajen da take nufi shi ne bakin kwata ko gefen titi. Titunan namu kuma ba na wasa ba ne: ga Titin Zariya da manyan motocinsa, ga Court Road da Zoo Road da adaidaita sahu ke wasan tsere a kansu. Wuraren shaƙatawa akwai su, ba ma da nisa. Gidan Zu na Audu Bako yana nan, Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 yana nan, ga wuraren lilo na 'yan kasuwa. Sai dai kowanne da kuɗi ake morarsa, kuma mai 'ya'ya bakwai sau ɗaya yake iya kai su a shekara, ran yawon sallah. Idan ka cire filin Idi da maƙabarta, babban wurin da ya rage mallakar jama'a, mai katanga, mai inuwa, mai banɗaki ko da ya lalace, shi ne harabar makaranta. Ita ce kuma muke kullewa daidai lokacin da aka fi bukatarta.

A da ba a jin wannan giɓi sosai, saboda akwai abin da ke tare shi. Ana ba da hutu za a ɗaure wa yaro 'yan kayansa, a sa shi a mota a tashar Unguwa Uku, ya tafi wajen kaka a Rano ko Tudun Wada ko Zariya. Ya yi noma, ya yi kiwo, ya dawo ya yi baƙi ya yi ƙwari. Gidan birni ya samu sauƙin baki ɗaya ko biyu, gidan ƙauye ya samu ƙarin hannu a gona. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura dubu kafin ƙarshen 2024, kuɗin motar yara uku zuwa da dawowa ya zama abin da sai an zauna an yi shawara. Masu dangi a wasu sassan Katsina da Zamfara kuwa tsoro ne ke hana su, tun kafin a zo maganar kuɗin mota. Ita kanta kakar da ke ƙauye tana auna abin da ya rage mata a rumbu kafin ta ce a turo mata jikoki. Tsohuwar ƙa'idar ɗa na kowa ne ma ta yi sanyi. A layin da yawan mazaunansa 'yan haya ne, yau wannan ya tare gobe wancan ya tashi, ka tsawata wa ɗan maƙwabci sai ku kwana a gaban mai unguwa.

Abin da ya rage da ƙarfinsa shi ne Islamiyya, kuma ya kamata a faɗi gaskiya: ita ke riƙe da yaran Kano a lokacin hutu, ba kasafi, ba yabo. Yawancin Islamiyyu ba sa bin jadawalin boko, hutunsu na azumi ne da sallah. Wasu ma sukan ƙara zaman safe idan an yi hutun boko, 'yan hadda su samu damar matsawa gaba. Malaman da ke wannan aiki abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, wani watan ma iyaye ba su kawo ba. Amma Islamiyyar yawancin yara awa biyu ce zuwa uku, da yamma, a ɗaki ko soro mai cunkoso, ba abinci ba fili. Daga hantsi zuwa azahar yaron ba shi da mai shi.

Sai koyon sana'a, wanda Kano ta fi kowa iyawa. Uban da ya kama hannun ɗansa ya kai shi wajen mai gyaran waya a Farm Center, ko wajen tela, ko gareji, ya ce "ga amana, ka riƙe mini shi har a koma," ya yi abin da kakanninsa suka yi, kuma ina goyon bayansa ga yaron da ya kai shekara 13 ko 14. Ga ɗan shekara takwas kuwa sunan sana'a kawai ake yi. Ɗan aike ne, sayo shayi, miƙo sifana. Ko ga manyan ma akwai tarko. Yaron da ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihunsa, ya ga maigidansa bai gama sakandare ba amma yana hawa mota, komawa aji mai mutum ɗari na yi masa wuya. Maigida nagari shi ne wanda zai kore shi da kansa ranar da aka koma makaranta, ya ce ya dawo bayan an tashi.

Makarantun kuɗi sun daɗe da gano cewa akwai kasuwa a cikin wannan giɓi. Kafin a raba sakamakon jarrabawa an riga an liƙa takardar lesin hutu a ƙofa. Ba na zarginsu. Da yawa a cikinsu ba sa biyan malamansu albashin watan da ba a yi karatu ba, lesin ne ke riƙe malamin har Satumba. Iyaye ma da dama ba Turanci da lissafi suke saye ba, wurin ajiya suke saye, inda za su san yaro na nan har azahar. Ma'aikaciyar jinya da ke da aikin safe a Asibitin Malam Aminu Kano, ko mai shago a Zoo Road, idan ta biya kuɗin lesin ta san abin da ta biya wa. Damuwar ita ce yaron da ya fi bukatar lesin shi ne wanda ba a iya biya masa. Ɗan makarantar kuɗi da ya riga ya iya karatu an ƙara masa wata guda, ɗan makarantar gwamnati da ke haɗa baƙi da ƙyar an ɗauke masa mako bakwai.

Wannan ba zato ba ne kawai. A birnin Baltimore na Amurka, Karl Alexander da Doris Entwisle na Jami'ar Johns Hopkins sun fara bin yara kusan 800 daga ajin farko a 1982, suna auna su a farkon shekarar karatu da ƙarshenta. Abin da suka gani shi ne, a watannin da ake zuwa makaranta ɗan talaka da ɗan mai hali kusan tare suke tafiya. A dogon hutu ne tazarar ke buɗewa, shekara bayan shekara tana taruwa. Wasu masana daga baya sun yi jayayya kan girman tazarar, kuma Baltimore ba Kano ba ce. Amma duk malamin aji uku a firamaren gwamnati zai gaya maka yadda makonnin farko na sabon zango ke tafiya: bitar abin da aka yi a bara. Karatun yaron da bai gama kama shi ba kamar sabon yaɓe ne da bai bushe ba, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya zubar da shi. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Yaran da ke kan wannan gaɓa ba su da rarar da za su yi asara a hutu.

Idan hutu titi yake jefa namiji, mace aiki yake jefa ta. Raino, wanke-wanke, ɗebo ruwa, sannan faranti a ka: dafaffiyar gyaɗa, masara, awara, a zaga tasha da gareji da bakin asibiti. Wata a kai ta aikatau gidan masu hali, a ce na hutu ne kawai. Ba na cikin masu zagin uwar da ta ɗora wa 'yarta talla. Sau da yawa farantin nan shi ne cefanen gidan, shi ne kuma asusun kayan ɗakin yarinyar. Amma kowa ya san irin mazan da ke zaune a inda ake kai tallar, da irin maganganun da 'yar shekara 12 ke ji kafin ta sayar da gyaɗar naira ɗari biyar. Hatsari mafi girma yana kan mahaɗa biyu: yarinyar da ta gama aji shida za ta shiga ƙaramar sakandare, da wadda ta gama ƙaramar za ta shiga babba. A can ne dogon hutu ke zama na har abada. Sabon yunifom, sababbin littattafai, kuɗin adaidaita zuwa makarantar da ta fi nisa, ga kuma cinikin da gida ya saba da shi a mako bakwai. Babu rajistar da ke nuna ranar da ta daina zuwa. An yi hutu ne kawai, ba ta dawo ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano ke cikin jihohin farko da suka shiga tun 2020, an yi shi ne don wannan mahaɗa, yana gina ajujuwa yana ba da tallafi. Sai dai yarinyar da malamarta ke ganinta kwana huɗu a mako a watan Agusta, ta san gidansu ta san uwarta, ta fi wuyar ɓacewa a kan wadda ba wanda ya tambaye ta tun Yuli.

Wanda yake ganin ina zuzuta magana ya tuna ranar 1 ga Agusta, 2024. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Kano, aka fasa cibiyar fasaha ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa aka wawashe, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita. Duk wanda ya kalli hotunan ranar ya ga shekarun da yawa daga cikin waɗanda ke gudu da kujeru da jarkoki a kai. Wata uku bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba, aka gurfanar da wasu cikinsu a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a rame, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da duniya ta yi ca kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Ba na cewa buɗe firamare zai hana abin da ya faru. Yunwar gaskiya ce, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar, kuma da yawan yaran ko rajistar makaranta ba su da ita. Abin da nake cewa shi ne, garin da ke sakin dubban ɗaruruwan yara a titi a watan da ya fi yunwa, ba tare da ya tanadar musu ko inuwa ba, bai kamata ya yi mamakin wanda zai tattara su ba. Masu ɗaukar yara daba da masu sayar da ƙwaya ba sa zuwa hutu.

Wani abin ban mamaki: a azumin 2025, da Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu, an yi makonni ana tafka muhawara a rediyo da jaridu kan asarar karatu. Kowa ya zama masanin jadawali. Hutun Agusta ya fi wancan tsawo, yana zuwa duk shekara, kuma ban ji an yi masa ko rabin wannan hayaniya ba.

A wasu ƙasashen an daɗe da ɗaukar hutu a matsayin aikin hukuma. A Ingila, sai da ɗan ƙwallon nan Marcus Rashford ya matsa wa gwamnati a watan Yunin 2020 kafin ta yarda ta ci gaba da ciyar da 'ya'yan marasa hali a lokacin hutu. Daga 2021 aka faɗaɗa shirin abinci da wasanni na hutu zuwa duk faɗin ƙasar, ana kashe masa sama da fam miliyan 200 a shekara, ƙananan hukumomi ke gudanarwa, kuma ma'auninsa a dogon hutu shi ne awa huɗu a rana, kwana huɗu a mako, mako huɗu. Daga can na ɗauko lissafin kwanakin, ban ɓoye ba. Kuɗinsu ba irin namu ba ne, amma abin lura shi ne ƙasa mai arzikin Ingila ta yarda cewa yunwar yaro ba ta bin jadawalin makaranta. Mu kuwa, shirin ciyar da 'yan firamare na tarayya da aka fara a 2016, ko a lokacin da yake tafiya a ranakun karatu kawai ake dafawa, kafin a dakatar da shi a Janairun 2024.

Ɓangaren karatun kuma ba sai mun je ko'ina ba. A 2019 aka fara gwajin shirin KaLMA a Dawakin Tofa da Wudil, haɗin gwiwar gwamnatin Kano da British Council, bisa dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro. Dabarar mai sauƙi ce. A ajiye maganar aji nawa yaro yake, a gwada shi: yana gane harafi? Yana karanta kalma? Yana karanta sakin layi? Sai a haɗa shi da waɗanda suke matakinsa, a koyar da su da harshen da suke ji, da wasa da waƙa da tsinke da duwatsu. A cikin zango wannan na karo da manhaja, malami na tsoron mai duba makarantu ya zo ya tarar bai kai inda aka ce ya kai ba. A hutu babu wannan tsoro. Akwai malamai a Kano da aka riga aka horar, akwai kayan aikin da aka rubuta da Hausa.

To, wa ke riƙe da makullin? Yana hannun maigadi. Maigadi na jiran hedimasta, hedimasta na jiran sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma yana jiran takarda daga hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB. Babu ɗayansu da zai buɗe da ra'ayin kansa, kuma ban ga laifinsu ba: idan benci ya ɓata ko yaro ya karye, shi za a tuhuma. Abin da ake bukata daga sama takarda ce guda, wadda za ta ce an yarda kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, tare da mai unguwa da limami da wakiliyar mata, su karɓi harabar da ajujuwa kaɗan a rubuce, su mayar a rubuce. Tarauni mazaɓu goma ce. Makaranta ɗaya a kowace mazaɓa ta isa a fara, a zaɓi wadda rufinta ba ya yoyo, a bar sauran ga masu gyara, tunda a hutu ake gyaran.

Masu koyarwa ba za a rasa ba, kuma ba sai an taɓa hutun malamai ba. Wanda ya ga dama a cikinsu ya zo a biya shi. Ga ɗaliban koyon malanta na makarantar Sa'adatu Rimi can gaba a Titin Zariya, ga masu yi wa ƙasa hidima, ga tsofaffin malamai da ke zaune da fansho da ƙwarewar shekara talatin, ga kuma samari da 'yan matan da suka gama sakandare suna jiran sakamako, waɗanda su ma hutun nan yana cinye su. Horon mako guda da ɗan alawus ya wadatar. Ɗaliban likitanci da na jinya na asibitin koyarwa da ke maƙwabtaka da mu za su iya ba da safiya ɗaya a mako su duba zazzaɓi da ido da ƙaiƙayi.

Abinci shi ne ƙashin bayan abin. Idan babu shi, uwa ba za ta sauke farantin talla ba, yaro ma ba zai zauna ba. Kunu da ƙosai, ko ɗanwake, ko shinkafa da wake. A ba matan unguwar da dama sana'arsu ke nan, a biya su duk mako hannu da hannu. Kada a bari ɗan kwangila ya shigo tsakani, don mun ga yadda masu dafa abincin shirin tarayya suka riƙa kukan jiran kuɗinsu. Masu cewa ba za a iya ba, su tuna kowane azumi gwamnatin jiha na buɗe cibiyoyin ciyarwa, attajirai na ɗora manyan tukwane a ƙofar gidajensu kwana talatin ba fashi. Garin nan ya iya dafa wa dubbai abinci. Abin da bai saba ba shi ne yin haka a watan da ba na azumi ba, alhali ladan ciyar da yaro mai jin yunwa bai taƙaita ga wata ɗaya ba. Wannan magana ce da ya kamata malamanmu su ɗauka a mumbari.

Kuɗi fa? A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ta ware masa kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafin shekarar, da kashi 31 a na 2025. Yawancinsa gini ne da albashi da kujeru, kuma ana bukatarsu. Amma ajin da aka kashe miliyoyi aka gyara, a bar shi a kulle kusan wata biyu, ba a ci moriyar kuɗin ba. Ga ƙananan hukumomi, da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ilimin firamare na cikin aikinsu tun asali. Ga Hukumar Zakka da Hubusi, ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi don liyafar shekara. Tsorona ɗaya ne, kuma na san mai karatu ya riga ni: kada abin ya zama na hula da fosta, a kawo 'yan jarida ranar buɗewa, a mako na biyu tukunya ta huce. Maganinsa shi ne kuɗin ya bi ta hannun kwamitin unguwa, a karanta lissafinsa a fili.

Sharaɗi guda ba zan sassauta a kansa ba: ƙofar ta kowa ce. Ba yunifom, ba tambayar rajista. UNICEF ta sa yawan yaran Kano da ba sa zuwa makaranta a kusan miliyan ɗaya. Almajirin da ke tsangayar bayan layi, idan malaminsa ya yarda ya zo bayan karatun safe, a ba shi kunu a ba shi wuri a tabarma. Wata guda ba zai mai da shi ɗan boko ba, ba kuma wannan ake nema ba. Amma yaron da ya iya karanta sunansa da allon mota ya ƙaru, kuma wasu iyayen ta wannan ƙofa za su fara leƙo makaranta.

Mu iyaye maza ma akwai namu. Muna da awa biyu na majalisa bayan isha'i, muna warware siyasar Kano da ta Amurka, amma minti ashirin na zama da yaro ya karanta mana shafi ɗaya ya gagara. Miƙa masa waya don ya yi shiru ba riƙo ba ne. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello ya yi wa ɗan Darmanawa nisa, amma garin da ya saba da shagunan hayar littattafan Hausa ba zai kasa ajiye akwatin littafi guda a kowace makaranta ba. Littattafan da Abubakar Imam ya rubuta tun shekarun 1930 har yau suna zaunar da yaro wuri ɗaya, idan aka samu mai buɗe masa shafin farko.

Irin wannan shawara ba a Yuli ake yanke ta ba, lokacin an makara. Kasafin jiha a ƙarshen shekara ake kai shi majalisa, don haka ɗan majalisar Tarauni da shugaban ƙaramar hukuma tun kafin nan ya kamata su ji daga bakinmu. Kafin a kai ga mazaɓu goma, a gwada biyu a gajeren hutun Disamba, ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi ɗaya a Unguwa Uku. Ranar farko a gwada karatun kowane yaro da takarda guda, ranar ƙarshe a sake gwadawa, a liƙa sakamakon a ƙofar makaranta tare da yawan yaran da suka zo da abin da aka kashe har kuɗin itace. Idan lissafin bai nuna komai ba, a daina. Idan ya nuna, kansilolin sauran mazaɓu takwas za su zo da ƙafarsu su tambayi yadda aka yi.